Golar da Aka Auna da Kamu

Yaran da ke buga ƙwallo a filin Zongo yanzu, ga katanga ga turakun ƙarfe, sun ɗauka haka ya faɗo daga sama. To ni da na bar makaranta a aji uku, bari in ba su darasi kyauta.

Ranar da za mu kara da yaran unguwar Ladji aka kafa turakun farko, na gora. Kawu Sale, mai sayar da yadi, ya auna gola ɗaya da kamunsa, wato daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Ɗayar kuma abokinsa tela ya auna, mutumin da ko akuya ba ta ɗaga kai ta dube shi. Kowa ya ƙirga kamu goma sha biyu, amma ta tela ta fito ƙarama.

Ni ne mai tsaron gida, ni na fara lura. Na raɗa wa Kawu, "Mu fara da ƙaramar. Kafin a juya an kira magariba, wasa ya tashi."

Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, duk shekarun da na yi a kasuwa, ka taɓa jin na auna wa baƙo da hannun wani?"

Ya tuɓe riga, ya tono turken da kansa, ya matsar da shi.

Biyar aka zura min. Ta huɗun ta bi daidai wurin da ya ƙara. Har yau ban yafe masa ita ba, kuma har yau ban ga irinsa ba.