Rigar da ta ƙi durƙusawa

Kai da abu zai gyaru ka ce sai ka ƙara masa gyara, zauna ka ji abin da ya sami wani mai sayar da albasa. Wata bazawara ya gani ya mutu a kanta, ita ma ba ta ƙi shi ba. Saura ya je ya gaida kawunta, wani tsoho mai zafin rai wanda ganinsa ya yi rauni, shi ne kuwa mai ba da aurenta. Babbar riga ɗaya gare shi, shadda mai aikin hannu a wuya, ba ta da laifi ko kaɗan. Mai wanki ya wanke ta, ya sa sitaci daidai misali, ya goge. Gogan naka ya murza gefenta ya taɓe baki, wai ba ta ƙara, shi so yake a ji tahowarsa tun daga bakin layi. Aka ƙara sitaci. Ya dawo ya ce a ƙara. Mai wanki ya ce, “Malam, riga kake so ko ƙyaure?” Ya ce shi dai a ƙara. Da ta bushe ko rataye ta ba a yi ba, jingine ta aka yi da bango.

Ran gaisuwa sai da aka ɗaga masa ita ya shiga ta ƙasa. Hawa babur ya gagara, ya taka da ƙafa, riga na kwaram-kwaram, awaki na watsewa. Ya yi sallama, ya shiga zaure a karkace, ya cire takalmi ya zube ƙasa kamar yadda ɗa na gari ke yi. To, shi ya durƙusa, riga ba ta durƙusa ba. Tana nan tsaye ƙiƙam, kansa ya zurma ciki, hula ta zauna daram a wuyan rigar. Tsoho ya ɗaga kai ya ga ƙato tsaye a kansa, ana ta gunaguni daga can ciki. Bawan Allah kuwa “Barka da hutawa, Baba” yake ta jerawa, gumi na karyo masa. Tsoho ya jira a rusuna masa, bai ga an rusuna ba. Ya jawo sandarsa ya ce, “Tun ba a ba ka ba kana gaishe ni a tsaye? In an ba ka ai taka ni za ka yi!” Mutumin ya yunƙura zai miƙe ya yi bayani, kansa ya kasa gano wuyan riga. Da ya ji saukar sanda sai ya sulale ta ƙasa da rarrafe, daga shi sai 'yar shara, ya bar rigar tsaye tana shan duka. Kunya ta hana shi komawa, aka ba wani matar. Wallahi ina tausayinsa, don ladabi kam ya yi shi har ƙasa, sai dai ba wanda ya gani.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.