Rezo Ranar Sallah

Ana saukowa daga idi, Maraɗi kaf ta ɗaga salula lokaci guda, rezo, wato layin sadarwa, ya cushe. Wani saurayi mai aikin gyaran rezo ya san kowane sabon kira ƙara cunkoso yake yi. Amma tun rasuwar Baba, Inna, mahaifiyarsa, ita kaɗai ce a Tibiri. Ya kira, ya sake kira, ana cewa tana kan layi. Hankalinsa ya tashi, ya jefa salular aljihu, ya tare kabu-kabu.

Yana sallama a gidan Inna, aljihunsa ya ɗauki ƙara.

Inna na bisa tabarma, salula a kunne. "Ɗan nan, da wa kake ta hira? Tun ɗazu kai nake kira!"

Ya durƙusa gabanta, ya amsa kiran. "Barka da Sallah, Inna."