Ranar da Na Fassara wa Ajuji Sunansa

Ƙarar fashewar ƙwarya na ji daga bakin murhu. 'Yar ƙwaryata ce ta shan fura, wadda Baba ya sayo mini a Ƙonni shekarar da Turawa suka sa iyaka tsakaninmu da garin. Ƙanena Ajuji ne ya taka ta, bai fi shekara huɗu ba.

Haushi ya rufe mini ido. Na ce, "Ka san abin da sunanka ka nuhi? Bisa juji anka yar da kai, cikin toka da kashin awaki, don ba a son ka."

Inna tana tankaɗe. Ba ta buge ni ba, ta dai ajiye rariya ta ce, "Maza ukku na bizne kahin shi. Da na haihe shi, kakarku ta aza shi bisa juji ta ɗauko, don mutuwa ta ga kamar ba mu damu da shi ba, ta wuce. Sunanai na yanka Usmanu, tsoron kiranai nika yi."

Yau na san rai a hannun Allah yake, juji ba ya tsare kowa. Amma har yanzu ina istigfari kan wannan yammacin, domin bayanin Inna ya fi ƙarfinsa, nawa ne ya shiga kunnensa.

A ranar, bayan la'asar, Ajuji ya riƙo bakin zanena ya ce, "Yaya, in anka maishe ni juji, za ki zo ki ɗauko ni?"