Atishawar Iya

Tun da aka raba ƙasashen duniya bisa addini, ba kasuwar da babu na'urar sauraren bakin mutane.

A ƙasar Kiristoci, Briskila ta riƙo hannun tsohuwar uwarta za su shiga cefane, sai Iya ta yi atishawa.

"Alhamdulillahi," in ji Iya, yadda ta saba shekara saba'in.

Fitilar ƙofa ta koma ja.

"Ranka ya daɗe, Kirista ce," Briskila ta roƙi mai gadi. "Haka Hausarmu take."

"Sau biyu ke nan. Ta ƙara, mota za ta tsallaka iyaka da ita."

Iya ta murza hanci. Hanyar shiga ɗaya ce, ta layin masu niƙa barkono.