Mai Lamba Ɗari Tara da Shida

Kwana uku ke nan Injiniya tana fama da mutum ɗaya. Manhajar da ta rubuta wa kamfanin kantuna tana hasashen abin da kowane mai katin sayayya zai saya a mako mai zuwa, kuma ta gano kan kowa, ban da mai lamba ɗari tara da shida. Suna ba ya fitowa a allonta, sai lamba.

Mutumin ba shi da wuyar sha'ani: burodi ɗaya, ƙaramar madara, ganyen shayi. Amma sau goma sha huɗu a bana, ranar Juma'a, ya sayi kaza, shinkafa, lemo da biskit. Daga baya ya koma kan burodinsa.

Ta gwada ƙarshen wata, ta gwada ranakun hutu, har da ruwan sama. Ko ɗaya bai dace ba.

"Injiniya, mijinki ne?" in ji Manaja, yana leƙo kai ta ƙofa. "Goge shi kawai. Litinin masu kamfani za su duba aikin. Idan suka ga jan layin kuskuren nan a allo, kwangila ta tafi, mu ma mun bi ta."

Ta ce to. Sai dai ba ta taɓa goge abin da ba ta fahimta ba.

Da rana kowa ya fita cin abinci, aka bar ta da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Ta jera ranakun nan a takarda, tana tausayin mutumin. Wa yake dafa wa? Kuma me ya sa ba ya sayen komai kwana biyar bayan haka, kamar mai cin saura?

Dole gobe Asabar ta shigo ofis. Ta ɗauki waya don ta sanar da mahaifinta, wanda ta yi wa alkawarin zuwa. Ta san amsarsa: "Ba komai, uwata, ni da ko shiri ban yi ba."

Ta rubuta, "Baba, ka yi haƙuri," sai wayar ta jero mata tsoffin saƙonnin da suka fara da haka. Guda goma sha huɗu ne, kowanne kwana ɗaya bayan ranar da ke takardarta. A allo kuma, bayanan safiyar yau sun shigo: ɗari tara da shida ya sayi kaza.