Kwana Goma Sha Biyu Ko Fiye

Ranar da Baba ya dawo daga yankan riɗi a Gedambaliya, da la'asar, ya same ni a gindin rakuba, rumfar gidanmu, ina fama da aikin hisabi, wato lissafi. Ya zauna kusa da ni, rigarsa tana ƙamshin riɗi da gumi.

Bai iya karatun boko ba, sai ya ce, "Karanta mini, 'yata."

Na karanta: wani ma'aikaci ya samu fam talatin bara. Bana ana ba shi fam biyar kullum. Kwana nawa zai yi ya ninka na bara, ko ya wuce? Na nuna masa amsata ina ji da kaina. "Kwana goma sha biyu ko fiye, Baba."

"Fiye har zuwa ina?"

"Ustaz ya ce ba shi da iyaka."

Ya yi murmushi. Ya laluba aljihu, ya fito da busasshen kwanson riɗi, ya ɗan taɓa shi da farce. Kwanson ya tsage, ƙwayoyin suka zube cikin tsagar baƙar ƙasa.

"Ustaz ɗinku bai taɓa riƙe lauje ba," in ji shi. "Riɗi in ya nuna ba ya jiran mai son ƙari. Ki sa masa iyaka."

Ban sa ba, don littafi bai ce haka ba.

Yau ni nake koyar da wannan darasi. Duk sanda na rubuta alamar "ko fiye" a allo, ƙamshin rigar nan nake ji. Ashe zamana da Baba ma na lissafa shi ne da "ko fiye", na manta shi ma yana da iyaka.