Jiƙon Inna

Da naƙuda ta tsananta, tsohuwar ta rasa abin da ke mata daɗi. Tun cikin na wata takwas take ba matar ɗanta jiƙon saiwoyin da ta haƙo a duwatsun Roni, maganin zaƙi mai ɗacin tsiya da bai taɓa ba ta kunya ba. Amma ga yarinya sai murƙususu take.

"'Yar nan, kina dai shanyewa ko?"

"Kullum, Inna," ta ce, tana cije leɓe.

Ana jiran mai adaidaita ya kai su asibiti, sai ɗanta ya leƙo, baki har kunne.

"Inna, akuyarki ta haifi uku, ko kuka ba ta yi ba! Amma me kwanon jiƙonki yake yi a gabanta?"